Yadda Manhaja Ke Tashi da Yadda Take Rufewa

Laccar da aka gabatar a Kaikai, ƙaramar hukumar Kusada, jihar Katsina



Shugaban taro, iyayenmu dattawa da kuka bar hidimominku kuka zo, malamaina, ƙannena ɗalibai da kuka dawo hutu daga Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, da ku masu POS da masu kafe da kuka taso daga Kankiya da cikin garin Kusada, barkanmu da warhaka. An ce in yi magana a kan abin da ya shafi intanet, kuma na san wasunku sun zo da tsammanin za a koyar da yadda ake samun kuɗi da waya. Ku yi haƙuri, yau ba can muka nufa ba. Maganata a kan wasu 'yan lokuta biyu ce a rayuwar manhajar da ke yi wa jama'a aiki ta intanet: lokacin da take tashi, da lokacin da take rufewa. In aka haɗa su biyun, sau da yawa ba su cika minti ɗaya ba, amma ɓarnar da ake yi a cikinsu takan ɗauki makonni ana gyara.

Babu mai POS a ɗakin nan da bai san wannan ba. Mutum ya zo zai ciri dubu ashirin. Ka saka kati, ya danna lambarsa yana kare ta da tafin hannu, na'ura ta yi ta juyi, can sai takarda ta fito, wai bai yi ba. Kafin ka buɗe baki wayarsa ta yi ƙara a aljihu, alat ya shigo, an cire dubu ashirin. Kai ba su zo maka ba, shi sun bar wurinsa. Sai rantsuwa ta tashi. "Wallahi an cire." "Wallahi ba su shigo ba." "To ina suke?" "Ka ba su kwana uku, za su dawo." Kwana ukun nan ba mai POS ne ya ƙirƙira ba. Tun watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a mayar da irin waɗannan kuɗi cikin awa 72. A watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo kowa ya koma taransifa, har wanda bai taɓa riƙe katin banki ba sai da ya ji wannan rigima a bakin kasuwa.

Kuɗin ba su je ko'ina ba. Aiki ne aka fara ba a ƙarasa ba. Daga na'urar da ke hannunka zuwa bankin mai kati, saƙon yana bi ta hannun kwamfutoci da dama, kowace tana karɓa tana miƙawa. Irin wannan kwamfuta da ke zaune a Legas ko Abuja ko wata ƙasa tana amsa buƙatun mutane dare da rana, ita ce saba. Idan ɗaya ta rubuta "an cire", sannan ta gaba ta yi shiru kafin ta rubuta "an ba", to an samu kuɗi a rataye. Dalilan shirun suna da yawa: netwok ya yanke, cunkoso ya yi yawa, lokacin jira ya ƙare. Ɗaya daga ciki shi ne wanda ya tara mu yau, wato an kashe sabar aiki na hannunta, ko kuma an turo mata aiki ba ta gama tashi ba.

Kada ku ɗauka kashe saba abu ne na shekara-shekara. Duk lokacin da aka yi wa manhaja gyara, sai an sauke tsohuwar an tayar da sabuwar. Manyan kamfanoni suna yin haka sau da yawa a rana guda. Idan jama'a sun yi yawa a ƙara sabobi, idan sun ragu a kashe wasu don rage kuɗin haya. Saboda haka tashi da rufewa aikin yau da kullum ne, sai dai ɗalibi yakan gama karatunsa ba wanda ya zaunar da shi a kai. Ana koya masa ya rubuta abin da manhaja za ta yi idan buƙata ta zo. Abin da za ta yi kafin buƙatar farko, da bayan ta ƙarshe, an bar shi ga sa'a.

Mu fara da tashi. Manhaja idan ta farka, kafin ta saurari kowa tana da shirin da za ta yi. Za ta karanta saitinta: ina rumbun bayanai yake, mene ne makullin sirrin da za ta yi magana da Remita ko Paystack da shi, ta wace hanya za ta aika saƙon tes. Za ta buɗe hanyoyi zuwa rumbun bayanai, ta riƙe su a buɗe, domin buɗe sabuwar hanya ga kowane mutum da ya shigo ɓata lokaci ne, kuma yana gajiyar da rumbun. Za ta duba ko tsarin teburan da ke rumbun ya yi daidai da wanda take tsammani. Sai bayan duk wannan za ta buɗe ƙofa. Jerin yana da muhimmanci, ƙofa ce ta ƙarshe. Masu aiki da FastAPI a cikinku sun ga wurin da aka tanada don wannan: aiki guda ne da aka raba biyu da kalmar yield, abin da ke sama yana gudana sau ɗaya kafin a karɓi buƙatar farko, abin da ke ƙasa yana gudana sau ɗaya bayan an sallami ta ƙarshe. Ina son wannan tsari domin yana tilasta wa mai rubutu ya ga buɗewa da rufewa a shafi guda. Duk abin da ka buɗe a sama, idonka na ganin ko ka rufe shi a ƙasa.

A nan akwai wani hali da nake so ku bari. Matashi ya rubuta manhaja, ya ga idan makullin biyan kuɗi bai nan tana faɗuwa, sai ya lulluɓe wurin don kada ta faɗi. Manhaja ta tashi lafiya lau, shafi ya buɗe, kowa ya yi murna. Sai ranar da ɗalibar farko ta zo biyan kuɗin makaranta sannan a gane ba makulli, bayan an riga an taɓa kuɗinta. Idan abin da manhaja ba za ta iya aiki ba sai da shi ya ɓace, to ta ƙi tashi, ta rubuta dalili ƙarara, ta mutu nan take a gaban wanda ya kunna ta. Shi yana zaune a gaban kwamfuta, zai gyara cikin minti biyu. Ɗalibar da ke layi a kafe ba abin da za ta iya gyarawa.

Ba sai mun tsallaka teku neman misali ba. A watan Mayu na 2025 JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawa, koke ya tashi daga ko'ina, yaran da aka san su da ƙoƙari suka ga maki da bai yi kama da su ba. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya ce an samu kuskure. An yi wa manhajar jarrabawa gyara, amma gyaran bai kai ga wasu sabobin da ke kula da Legas da jihohin kudu maso gabas ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, ɗalibai 379,997, kuma dole aka sake musu jarrabawa. Ku lura, sabobin nan ba su faɗi ba. Sun tashi, sun karɓi ɗalibai, sun yi aiki har ƙarshe, ba wanda ya ga alamar komai. Da sun faɗi tun da safe, da an sha hayaniyar yini guda an wuce wurin.

Irin wannan ya taɓa cin wani kamfani ɗungurungum a Amurka. Knight Capital, masu hada-hadar hannun jari ne a kasuwar New York. Ranar 1 ga Agusta 2012 suka fara aiki da sabuwar manhaja a sabobi takwas. Bakwai sun samu, ɗaya an manta da ita, tana ɗauke da wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi shekaru da dama. Kasuwa na buɗewa ta shiga saye da sayarwa ba ji ba gani. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 440. Abin takaicin, binciken hukumar kula da kasuwar ya nuna tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙonni 97 da ke nuna akwai matsala, amma ba a tsara su a matsayin ƙararrawa ba, ba wanda ya ɗauki mataki. Saba idan ta tashi, ta faɗi ko ita wace ce: ga lambar fitowar da nake ɗauke da ita, ga tsarin rumbun da na tarar. Idan bai yi daidai da na 'yan uwanta ba, kada a ba ta aiki. Layi goma ne na rubutu, ko ƙasa da haka.

Amma kada ku ji na ce ta ƙi tashi, ku je ku mayar da komai sharaɗi. Akwai abin da in babu shi babu aiki, akwai abin da in babu shi aiki ya rage armashi kawai. Ku tuna watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi da Ɗanmusa da Safana, aka yi watanni ana haka. Ku ɗauka akwai ƙaramin asibiti a can da ke ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfutar da ke cikin ofishinsa. Rumbun bayanai yana nan a ɗakin, ma'aikata suna nan, sola na aiki. Amma wanda ya rubuta manhajar ya sa ba ta tashi sai ta gaisa da kamfanin tura saƙon tes ta intanet. Shi ke nan, an rufe asibiti saboda tes. Mai rubuta manhaja don Kusada ko Ingawa dole ya zauna da biro da takarda ya raba: wannan wajibi ne, wannan kuwa in bai samu ba a tashi a haka, a ajiye saƙonnin a layi, netwok ya dawo a aika.

Sannan kasancewa da rai daban, kasancewa a shirye daban. Inda sabobi suke da yawa akwai mai raba aiki a gabansu, shi ke tura kowane baƙo wurin wadda za ta saurare shi. Tambaya biyu yake yi wa kowace: kina da rai? kin shirya? Wadda ba ta da rai a sake kunna ta. Wadda ba ta shirya ba a ƙyale ta ta gama, kada dai a tura mata kowa. Masu haɗa tambayoyin nan biyu su mayar da su ɗaya sukan jawo wa kansu abin dariya: rumbun bayanai ya ɗan yi nauyi, sai a yanke hukuncin duk sabobin sun mutu, a kashe su gaba ɗaya, su taso gaba ɗaya, su far wa rumbun da dama numfashi yake da ƙyar.

Tashi gaba ɗaya yana da haɗari ko ga manya. Ranar 4 ga Oktoba 2021, daga bayan la'asar har dare, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Da yawanku kun yi ta kashe waya kuna kunnawa, kuna zagin kamfanin layi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da injiniyoyin suka gano matsalar, ba su kunna komai lokaci guda ba. Sun bayyana daga baya cewa wutar da cibiyoyinsu ke sha ta ragu da gomman megawat, kuma mayar da nauyin a tashi ɗaya yana iya sake kayar da komai. A hankali suka riƙa buɗewa. Amazon kuwa, ranar 28 ga Fabrairu 2017, wani ma'aikaci ya yi kuskuren rubuta umarni ya sauke sabobi fiye da yadda ya nufa a sashen ajiyarsu mai suna S3. Sai ya zama dole a sake tayar da wasu sassa daga tushe, sassan da aka yi shekaru ba a taɓa kashe su gaba ɗaya ba. A tsawon shekarun kayan da ke ciki sun ninka, tashin ya ɗauki lokacin da ba wanda ya zata, shafuka masu yawa a duniya suka yi kusan awa huɗu a kwance. Idan wani ya yi muku alfahari cewa sabarsa ta shekara biyu ba a kashe ta ba, ku tausaya masa. Bai san ko za ta tashi ba.

Mu koma rufewa. Ku je wurin mai injin niƙa a garin nan dab da magariba ku tsaya ku kalla. Idan zai tashi, ba ya kai hannu ya kashe inji hatsi na ciki. Sai ya fara ɗaga wa yarinyar da ta zo da kwano a makare hannu, ya ce sai gobe. Ya daina zuba sabo. Ya bar wanda ke cikin mazurari ya gangara, yana bubbuga gefen da ɗan sanda, har ƙarar injin ta canja, garin da ke fita ya koma ƙura-ƙura. Ya juye wa mai shi, ya karɓi kuɗinsa, sannan ya kashe. In ya kashe da hatsi tsakanin faranti, ya yi asara biyu: mai niƙa ta tafi da rabin gari rabin tsaki, shi kuma gobe da safe sai ya kwance inji kafin ya tashi. Rufe saba haka yake, ba ƙari ba ragi. A daina karɓar sabo, a ƙarasa na hannu, a miƙa wa mai shi, sannan a kashe.

Yadda abin ke gudana a Linux, wanda akasarin sabobi ke kai, shi ne ana aika wa manhaja sigina. Akwai mai suna SIGTERM, lamba 15, ita ce sallama: ki kintsa, za a rufe. Manhaja tana iya jin ta, ta yi abin da ya kamata. Akwai SIGKILL, lamba 9, wadda ba a jin ta, ba a roƙon ta, tana zuwa aiki ya ƙare. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai wa'adi, kuma kowane tsarin da ke kula da tayar da manhajoji da kashe su yana da nasa. Docker yana ba da daƙiƙa 10 in ba ka canja ba. Kubernetes yana ba da 30. Systemd yana ba da 90. Duk abin da za ka yi na kintsawa dole ya shiga cikin wannan wa'adi, kuma kai ma ka sa wa kanka wa'adin da bai kai nasu ba, domin kada buƙata ɗaya da ta maƙale ta hana ka rufe sauran abubuwa.

Da sallama ta iso, abu na farko shi ne ka gaya wa mai raba aiki ba ka karɓar baƙi. A Kubernetes akwai wani tarko a nan: aika sallama da cire sunanka daga jerin masu karɓar aiki tare suke tafiya, ba wanda ke jiran wani. Saboda haka bayan ka ji sallama, wasu buƙatu za su ci gaba da isowa na 'yan daƙiƙu. In ka rufe ƙofa nan take, waɗannan mutane su ne za su ga shafi ya ƙi buɗewa. Ka ɗan dakata daƙiƙa biyar ko makamancin haka, sannan ka rufe. Daga nan ka jira na ciki su gama. Harshen Go ya samu hanyar yin wannan a cikin kansa tun fitowa ta 1.8 a 2017, Spring Boot ya samu a 2020, Nginx ma yana bambanta umarnin tsayawa nan take da na tsayawa bayan an sallami kowa. Kayan aikin suna nan, kiran su ne ba a yi.

Sai rufe abubuwan da ka buɗe, kuma daga na ƙarshe ake farawa a koma baya. Rumbun bayanai da ka fara buɗewa shi za ka rufe a ƙarshe, domin duk sauran suna buƙatar sa har su gama. Kada a manta da masu aikin bayan fage, wato masu tura tes, masu haɗa rasit, masu lissafin sakamakon zango. Su ba sa tsaye a ƙofa, shi ya sa ake mantawa da su. Kowannensu ko dai ya ƙarasa abin da ya ɗauka, ko ya mayar da shi layi yadda wani zai ɗauka.

Ga wasu alamu biyu da za ku gane da su ko kuna da matsala tun kafin jama'a su gane muku. Idan duk lokacin da ka tsayar da kwantenar Docker sai ta yi daƙiƙa goma cif sannan ta mutu, ta bar lamba 137, to sallama ba ta isa ga manhajarka ba. Galibi ka kunna ta ne ta cikin wani ɗan rubutun shell, shi ya karɓi saƙon ya zauna a kai. Kalmar exec guda ɗaya a gaban umarnin tana magance shi. Ta biyu lissafi ce. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana zuwa da iyakar hanyoyi 100. Ka ce manhajarka tana da ma'aikata huɗu, kowanne ya riƙe hanya 15, sittin ke nan, kana cikin kwanciyar hankali. Ranar gyara, sabuwar manhaja ta tashi tsohuwar ba ta gama sauka ba: 120. Rumbu ya fara korar mutane, kai kuma kana rantsuwa ba abin da ka taɓa sai launin maɓalli.

To, duk wannan da na faɗa yana cikin littattafai, kuma gaskiya ne. Sai dai waɗanda suka rubuta littattafan suna zaune ne inda ake sallama kafin a kashe. Mu nan wa ke yi mana sallama? Kamfanin wuta KEDCO ba ya aika SIGTERM. Man janareta in ya ƙare ba ya ba da daƙiƙa talatin. Batirin inbata da ya sha zafin watan Afrilu yakan sauka ba gargaɗi. Ko sabarka tana hayar wuri a Turai, mai amfani da ita yana Kaikai, kuma netwok ɗinsa na iya yankewa bayan ya danna "biya" kafin amsa ta dawo. Don haka ra'ayina, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ni, shi ne: ku rubuta rufewa mai ladabi, amma kada amincin kuɗin kowa ya rataya a kanta. Duk sharar da ka ce sai lokacin rufewa za a yi, ka ɗauka wata rana ba za a yi ta ba. Wurin da ya dace da ita shi ne lokacin tashi. Manhaja ta riƙa farkawa kullum da zaton faɗuwa ta yi jiya.

Ba ni na fara wannan tunani ba. A 2003 wasu masana biyu a Jami'ar Stanford, George Candea da Armando Fox, sun rubuta takarda suna cewa a gina manhaja yadda hanyar kashe ta ɗaya ce, faɗuwa, hanyar tayar da ita ɗaya ce, farfaɗowa. Hujjarsu mai sauƙi ce. Rubutun farfaɗowa da ba ya gudana sai ranar masifa, ranar masifar za a gane bai aiki. Wanda ke gudana a kowace tashi kuwa, kullum ana gwada shi. Su a can shawara ce ta masana. Mu a nan bayanin halin da muke ciki ne.

A aikace abu uku nake nufi, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Ka rubuta niyya kafin aiki. Kafin ka ce wa banki ya cire kuɗi, ka rubuta a rumbunka: mu'amala mai lamba kaza, ta wane, naira kaza, an fara. In an gama ka koma ka rubuta an gama. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, manhaja na tashi za ta bi layi ta tsinci duk wanda aka fara ba a gama ba, ta tambayi banki ɗaya bayan ɗaya: wannan ya wuce ko bai wuce ba? Wanda ya wuce a ƙarasa, wanda bai wuce ba a soke. Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da kansu haka suke yi, suna rubuta abin da za su yi a wani kundi kafin su taɓa teburi, shi ya sa sukan farfaɗo bayan ɗaukewar wuta. Abu na biyu, kowace mu'amala ta zo da lambarta tun daga wayar mai biya, yadda in ya danna sau uku don haushi, ko wayarsa ta sake aikawa da kanta, saba za ta gane abu ɗaya ne, ta cire sau ɗaya. Na uku, kada ka ce "na karɓa" sai ka rubuta. Kamfanin biyan kuɗi idan ya turo sanarwa cewa ɗalibi ya biya, in ka amsa masa sannan ka faɗi kafin ka ajiye, shi ya gama nasa. In ba ka amsa ba, zai sake turowa. Yaran da ke yawo da rasit a hannu daga ofis zuwa ofis, shafin makaranta na cewa ba su biya ba, wasunsu wannan ne ya ci su.

Ga masu ajiye saba a ofis ko a kafe, akwai ɗan taimako da ba ya cin kuɗi sosai. UPS da yawa suna da kafar USB. In ka haɗa ta da kwamfuta ka saka manhaja irin NUT ko apcupsd, batir na yin ƙasa za ta gaya wa kwamfuta ta rufe kanta cikin tsari. Ka ƙirƙiro wa kanka sallamar da wuta ba ta yi maka ba ke nan. Na sha ganin UPS a ƙarƙashin tebur, kebul ɗin na nan cikin ledarsa ba a taɓa warwarewa ba.

Iyayena shugabannin makarantu, da masu kula da asibitoci da ƙungiyoyin adashe da na manoma, ku da kuke ba da kwangilar irin waɗannan manhajoji, ba sai kun iya rubuta ko layi ɗaya ba. Ranar da yaro ya kawo aiki zai nuna muku, zai buɗe shafi mai kyau, ya shigar da suna, ya fitar da rasit, a yi tafi. Kafin ku sa hannu a takardar biya, ku ce ya shigar da bayanan gwaji, ya fara biyan kuɗi ko ajiye sakamako, yana tsakiyar yi ku sa a zare waya daga soket, in kwamfutar cinya ce a danne maɓallin kashewa. A mayar, a kunna, kada ya taɓa komai. Ku duba ko ta tashi da kanta, ku duba agogo ku ga minti nawa ta ɗauka, sannan ku nemi aikin da aka katse: ko dai ya shiga cikakke, ko bai shiga ba sam, ko kuma manhajar ta nuna shi a fili cewa ga wani abu da ke jiran a duba. In kun tarar da rabi, ko kun tarar da shi sau biyu, aiki bai ƙare ba, a riƙe cikon kuɗin. Ku kuma ƙannena masu rubutawa, ku yi wa kanku wannan gwaji a ɗaki tun kafin a yi muku shi a gaban mutane, kuma ku maimaita shi duk lokacin da kuka yi babban gyara.

Shugaba, na ga kana duban agogo, kuma la'asar ta gabato. Akwai kwamfuta a nan gaba da ƙaramar manhajar gwaji a kai. Bayan salla duk mai so ya zo ya zare wayar da hannunsa mu ga abin da zai faru. Kafin nan, mai tambaya ya ɗaga hannu.